BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: JAWABI GA ƊALIBAI MASU SHIRIN ZUWA KARATU INGILA

Wannan shi ne cikakken jawabin da wani dattijo, tsohon malamin makaranta wanda ya daɗe yana taimaka wa ɗalibai wajen shirin tafiya ƙasashen waje, ya yi a gaban taron ɗalibai da iyayensu. Mun buga shi gaba ɗaya don amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



Ina godiya ga Allah da ya nufe mu da haɗuwa a wannan wuri, ina kuma godiya ga waɗanda suka shirya wannan taro, da suka ga ya dace su ba ni dama in ce wani abu. An roƙe ni in yi magana a kan takardun iznin da ɗalibi ke bukata kafin ya shiga wata ƙasa don yin karatu a jami'a. Da ya ke ƙasashen duniya suna da yawa, kowace kuma da nata dokoki, idan na ce zan bi su ɗaya bayan ɗaya sai mu kwana a nan ba mu gama ba. Saboda haka na zaɓi in tsaya a kan Ingila, wato ƙasar Birtaniya, tun da can ne yawancin waɗanda ke zaune a gabana suka sa gaba, sa'an nan in taɓo wasu ƙasashe kaɗan a ƙarshe. Ina roƙon iyaye su kasa kunne fiye da 'ya'yansu, domin dukiyarsu ce za ta salwanta idan aka yi kuskure.

JIYA BA YAU BA

Tafiya Ingila neman ilmi ba sabon abu ba ne a gare mu. Tun a 1943 marigayi Alhaji Abubakar Imam ya je can cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, da ya komo ya rubuta littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. A 1945 marigayi Abubakar Tafawa Balewa ya tafi Cibiyar Ilmi ta Jami'ar London, a shekarar da ta biyo baya kuma marigayi Malam Aminu Kano ya bi sawunsa. A zamaninsu, kai har shekaru da dama bayan samun mulkin kai, ba a tilasta wa ɗan Nijeriya ya nemi biza kafin ya hau jirgi ba.

To, amma al'amura sun sake. A 1980 gwamnatin Birtaniya ta fara karɓar cikakken kuɗin makaranta daga sababbin ɗalibai baƙi, a watan Fabrairu na 1987 kuma ta wajabta wa 'yan Nijeriya biza. Daga nan dokokin suka yi ta ƙaruwa, har a watan Oktoba na 2020 aka kawo tsarin bizar ɗalibai da a ke aiki da shi a yanzu. Na kawo wannan tarihi ne saboda dalili guda. Sau da yawa yaro ya kan je wurin kawunsa da ya yi karatu a Ingila shekaru 30 da suka wuce ya nemi shawara, kawun kuwa ya gaya masa abin da ya sani da zuciya ɗaya, alhali kuwa wannan doka an daɗe da soke ta. Ku girmama magabatanku, ku saurari nasiharsu a kan zaman duniya, amma batun biza ku duba abin da gwamnatin Birtaniya ta rubuta da kanta a shafinta na intanet a ranar da za ku nema.

FASFO DA SUNA

Abu na farko shi ne fasfo, wanda Hukumar Shige da Fice ta Nijeriya ke bayarwa, ba ta kuma bayar da shi sai mutum yana da lambar shaidar ɗan ƙasa. Akwai na shekara 5, akwai na shekara 10. Wanda zai yi digiri na shekara uku ko huɗu ya fi masa sauƙi ya nemi mai dogon wa'adi, don kada fasfonsa ya ƙare yana tsakiyar karatu.

A nan ne kuma mu 'yan Arewa mu ke da wata matsala tamu ta musamman, wato ta rubuta suna. Yaro guda, a takardar firamare an rubuta Mamman, a takardar jarrabawar sakandare an rubuta Mohammed, a fasfo kuma Muhammad. Wani a makaranta da sunan garinsu a ke kiransa, a fasfo kuma ya sa sunan mahaifinsa. Wata kuma ta yi aure ta ɗauki sunan mijinta bayan ta gama digirinta na farko. Mu a gida mun san mutum ɗaya ne. Shi kuwa ma'aikacin da ke duba takardu a can bai san Mamman da Muhammad suna ɗaya ba ne, abin da idonsa ya gani shi zai yi hukunci da shi. Haka nan ranar haihuwa: in fasfo ya ce ɗaya ga Janairu, takardar haihuwa ta ce wata rana dabam, to, an buɗe ƙofar tuhuma. Ku shimfiɗa takardunku duka a tabarma ɗaya, ku bi su harafi bayan harafi. Inda aka sami saɓani, a gyara shi ta hanyar doka tun da sauran lokaci, a kuma ajiye shaidar gyaran.

TAKARDAR JAMI'A

Abu na biyu shi ne shaidar cewa jami'a ta karɓe ka. Ku lura, wasiƙar da jami'a ke fara aikowa tana cewa ta ba ka gurbi ba ita ce a ke neman biza da ita ba. Bayan ka cika sharuɗɗan da ta gindaya, ka kuma biya kafin alƙalamin da ta nema, sai ta ba ka wata lamba da a ke kira CAS. Wannan lamba ita ce ginshiƙin al'amarin duka. A ƙarƙashinta a ke rubuta sunanka, da lambar fasfonka, da fannin da za ka karanta, da ranar farawa da ta gamawa, da kuɗin makaranta, da abin da ka riga ka biya. Makarantar da ke da lasisin ɗaukar baƙi daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Birtaniya ita kaɗai ke iya bayar da ita, sunayen waɗannan makarantu kuwa an buga su kowa na iya dubawa. Kada uba ya biya ko kwabo sai ya tabbata sunan makarantar yana cikin wannan jeri.

Lambar nan sau ɗaya a ke amfani da ita, kuma dole a nemi biza cikin wata 6 da samunta. In an hana mutum biza, ta mutu ke nan, sai ya koma ya roƙi jami'a ta ba shi wata, jami'ar kuwa ba tilas ne ta yarda ba. Wanda ke Nijeriya yana iya neman biza tun ana sauran wata 6 a fara karatu, amsa kuma ta kan fito cikin mako 3. Amma tsakanin Yuli da Satumba masu nema su kan yi yawa ƙwarai, wanda ya bari sai ƙurarren lokaci yana iya samun biza bayan an rufe rajista.

BATUN KUƊI

Yanzu na zo kan abin da ya fi kayar da 'ya'yanmu, wato shaidar kuɗi. Doka ta ce ɗalibi ya nuna yana da abu biyu: sauran kuɗin makaranta na shekarar farko wanda bai biya ba, da kuɗin ci da sha da wurin kwana na wata 9. Wannan kuɗi na biyu an yi ta ɗaga shi. Kafin 2025 fam 1,334 ne a wata ga mai karatu a London, fam 1,023 ga mai karatu a wajenta. A watan Janairu na 2025 ya koma fam 1,483 da fam 1,136. A watan Nuwamba na wannan shekara ta 2025 aka sake ɗaga shi zuwa fam 1,529 da fam 1,171. In kuka buga wannan lissafi na ƙarshe sau 9, za ku ga na London ya tashi fam 13,761, na sauran garuruwa kuma fam 10,539.

Bari in ba da misali don kowa ya gane. A ce kuɗin makarantar yaro fam 15,000 ne a shekara, a wani gari da ba London ba, ya kuma riga ya biya fam 4,000 wanda jami'a ta rubuta a lambarsa. Saura fam 11,000 ke nan. A haɗa da fam 10,539, ya zama fam 21,539. Wannan shi ne abin da za a nuna a banki.

Nunawar ma tana da ƙa'ida. Dole kuɗin ya kwana 28 a jere a cikin asusu, bai ragu daga adadin da a ke bukata ba ko da na yini ɗaya, kuma ranar ƙarshe da ke jikin takardar banki kada ta wuce kwana 31 kafin ranar da aka nemi biza. In uba ɗan kasuwa ne, ya cire wani abu ranar Talata ya sayo kaya ya mayar ranar Alhamis, to, ya rushe lissafin, sai a fara ƙirga kwanakin daga farko. Har ila yau, in kuɗin naira ne, da farashin ranar da aka nemi biza za a juya shi zuwa fam. Kuɗin da ya isa a ranar da aka zuba shi yana iya kasawa bayan kwana 28 idan naira ta faɗi. Saboda haka a ɗora wani abu a sama, kada a tsaya a kan gaɓa. Gona, da gida, da shanu, da hannun jari, duk dukiya ce a wurinmu, amma ba a karɓarsu a matsayin shaida. Tsabar kuɗi a banki a ke so.

Sai kuma tambayar asusun wa za a nuna. A al'adarmu, ɗa na kowa ne. Baffa ya kan ɗauki nauyin ɗan ƙaninsa, kawu ya kan biya wa ɗan 'yar'uwarsa, wa ya kan tsaya wa ƙaninsa, wannan kuwa abin alfahari ne. Amma dokar Birtaniya ba ta san da wannan zumunci ba. Abin da ta yarda da shi shi ne asusun ɗalibin kansa, ko na mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ko na wanda kotu ta naɗa ya zama mai riƙonsa. In na iyaye ne, sai an haɗa da takardar haihuwa da wasiƙar amincewarsu. Na san wani yaro haziƙi wanda baffansa ya riƙe shi tun yana jariri bayan rasuwar mahaifinsa, bai san wani uba ba sai shi. Baffan yana da kuɗin, ya kuma nuna su da kyakkyawar niyya, amma aka hana yaron biza domin babu takardar kotu, shekara guda ta wuce shi a banza. Da sun tambaya tun farko, da baffan ya zuba kuɗin a asusun yaron ya bar su su kwana 28, shi ke nan. Matambayi ba ya ɓata.

Wanda gwamnatin tarayya ko ta jiha ta ɗauki nauyinsa, ko ya sami tallafin Chevening ko na Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila, ko na jami'ar kanta, shi wasiƙar hukumar da ta ɗauki nauyinsa zai nuna. Amma a karanta wasiƙar da kyau. In kuɗin makaranta kaɗai ta ambata, to, sauran kuɗin zama yana wuyan ɗalibi ya nuna shi.

LAFIYA DA TURANCI

Duk ɗan Nijeriya da zai zauna a Birtaniya fiye da wata 6 sai an gwada shi an tabbata ba ya ɗauke da tarin fuka. Ba kowane asibiti a ke karɓar takardarsa ba, komai girmansa, sai wanda gwamnatin Birtaniya ta amince da shi, akwai su kuwa a Abuja da Ikko. Takardar wata 6 ta ke yi ta mutu. In hoton ƙirji ya nuna wani abin shakka, za a ɗauki majina a yi gwajin da ke cin makwanni, wannan ma dalili ne na farawa da wuri.

Game da Turanci, dole ɗalibi ya nuna yana ji, yana magana, yana karantawa, yana rubutawa gwargwadon matsayin karatunsa. Ga mai yin digiri, jami'a ce ke da ikon auna shi. Wasu jami'o'i suna karɓar sakamakon Turanci na jarrabawar WAEC, wasu kuwa sai an zauna jarrabawar IELTS ko makamanciyarta. A tambayi jami'a a rubuce, a ajiye amsarta. Bugu da ƙari, masu yin babban digiri a wasu fannonin kimiyya da injiniya suna bukatar wata takardar izni dabam da a ke kira ATAS, wadda ke iya ɗaukar makwanni da dama kafin ta fito, in kuwa babu ita ba za a ba da biza ba.

NEMAN BIZAR KANTA

Idan waɗannan sun kammala, sai a cika takardar nema ta intanet, a biya kuɗi iri biyu. Na farko kuɗin biza, wanda aka ɗaga daga fam 490 zuwa fam 524 a watan Afrilu na 2025, kuma a kan sake duba shi lokaci lokaci. Na biyu kuɗin kiwon lafiya, wanda ke ba ɗalibi damar ganin likita a asibitocin gwamnati, wanda aka ɗaga daga fam 470 zuwa fam 776 a shekara a watan Fabrairu na 2024. Wannan gaba ɗaya a ke biyansa, na dukan tsawon bizar. Mai yin digiri na biyu na shekara guda, da ya ke bizarsa ta kan zarce karatun da wata 4, na shekara ɗaya da rabi zai biya, wato fam 1,164. In an hana biza a kan mayar da kuɗin lafiya, amma kuɗin biza ya tafi ke nan.

Daga nan sai ɗalibi ya je ofishin karɓar takardu a Abuja ko Ikko, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Wani lokaci a kan kira shi a yi masa tambayoyi don a tabbata karatun ne ya kai shi. Tambayoyin ba masu wuya ba ne ga wanda ya zaɓi makarantarsa da kansa: me ya sa ka zaɓi wannan jami'a, waɗanne darussa za ka ɗauka, wa zai biya, ina za ka zauna, me za ka yi bayan ka gama. Amma yaron da wani ya cika masa takardu, bai ko san garin da jami'arsa ta ke ba, nan ta ke asirinsa zai tonu. Wanda kuma bai kai shekara 18 ba sai ya haɗa da rubutacciyar yardar iyayensa.

RAMIN ƘARYA ƘURARRE NE

'Ya'yana, a nan zan ɗaga murya kaɗan. Akwai dillalai a garuruwanmu da ke cewa ku kawo kuɗi su samo muku biza. Cikinsu akwai masu gaskiya waɗanda ke taimakawa wajen neman gurbi, amma babu mahaluƙin da ke da ikon ba da biza sai gwamnatin Birtaniya. Duk wanda ya ce yana da hanya a ciki, ku riƙe aljihunku. Mafi muni su ne masu buga takardar banki ta jabu, ko takardar jarrabawa ta jabu. Ma'aikatan biza su kan tuntuɓi banki su tambaya, in kuwa aka kama yaudara, hukuncinta shi ne hana mutum shiga ƙasar har shekara 10. Dillali ya ci kuɗinsa ya shige gida, sunan ɗanka ne zai ɓaci, domin shi ya sa hannu. Daɗin daɗawa, ƙasashe irin su Amurka da Kanada da Ostireliya suna musayar bayanai da Birtaniya, tabon da aka samu a wuri ɗaya ya kan bi mutum wani wurin.

Haka nan in an tambaye ka ko an taɓa hana ka biza a wata ƙasa, faɗi gaskiya. Hanawar da ta wuce ba lallai ta hana ka yanzu ba, ɓoyewar ce ke hanawa. In kuma an hana ka alhali kana ganin ma'aikaci ne ya yi kuskure, kana da kwana 28 ka nemi a sake duba hukuncin.

MASU IYALI

Ga magidanta da matan aure akwai magana ta musamman. A 2022 iyalan da aka ba iznin bin ɗaliban Nijeriya zuwa Birtaniya sun zarce 60,000, sun ɗara na kowace ƙasa. Daga 1 ga Janairu na 2024 aka rufe wannan ƙofa ga mafi yawan ɗalibai. Waɗanda aka bari su tafi da mata ko miji da 'ya'ya su ne masu digirin digirgir da sauran karatun bincike mai zurfi, da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu a karatun da ya wuce wata 6. Mai yin digiri na biyu na aji da kuɗin aljihunsa shi kaɗai zai tafi. Saboda haka a zauna a gida a yi shawara tun kafin a biya kuɗi: wa zai riƙe iyali, da me za su ci, har tsawon wane lokaci.

BAYAN AN SAUKA

Samun biza ba shi ne ƙarshen magana ba. A da a kan manna takarda a fasfo, a kuma ba mutum kati idan ya isa. Katunan nan an daina aiki da su a ƙarshen 2024, daga watan Yuli na 2025 kuma ɗalibai bizarsu ta koma ta kwamfuta. Ɗalibi zai buɗe asusu a shafin hukumar biza, ya haɗa shi da fasfonsa, daga nan ne zai riƙa ciro lambar da zai nuna wa mai gidan haya ko mai ba shi aiki. Ku buɗe wannan asusu da hannunku, da lambar wayarku da adireshinku, kada ku bar mabuɗinsa a hannun dillali. In kun sake fasfo, ku shigar da sabon kafin ku yi tafiya.

Wanda karatunsa ya wuce wata 6 yana iya shiga ƙasar ana sauran wata guda a fara, amma ba kafin ranar da bizarsa ta fara aiki ba. Ku riƙe takardun jami'a da na gwajin tarin fuka a jakar hannu, don ma'aikacin filin jirgi yana iya tambaya. Ina kuma roƙon iyaye mata su yi haƙuri: kilishi da dambun nama da man shanu ba a yarda a shiga da su ba. Kada kuma ku karɓi saƙon kowa a ƙulle, ko da ɗan'uwa ne, sai kun buɗe kun gani da idonku.

Mai yin digiri an yarda ya yi aiki na sa'a 20 a mako lokacin da a ke karatu, cikakken aiki kuma lokacin hutu. Ba a yarda ya yi sana'ar kansa ba, ba a kuma yarda ya karɓi tallafin gwamnati ba. Sa'a 20 ɗin nan a kowane mako a ke ƙirga ta, ba a tara na makon jiya a haɗa da na yau. Kada kuma wani uba ya tura ɗansa da tunanin wai zai yi aiki ya biya kuɗin makaranta. Abin da zai samu da ƙyar zai ishe shi haya da abinci.

Jami'a tana lura da zuwan ɗalibi aji, doka kuma ta ɗora mata ta kai rahoto idan ya daina zuwa ko aka cire shi. In ta janye hannunta, a kan taƙaita bizarsa, yawanci zuwa kwana 60, ya nemi wata makaranta ko ya fita. Wannan ba labarin ƙanzon kurege ba ne. Bayan da aka saki farashin naira a watan Yuni na 2023, dalar da ke wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin da iyaye suka tanada ya narke a hannunsu. A 2024 wasu ɗaliban Nijeriya a wata jami'a da ke arewa maso gabashin Ingila suka kasa biyan kuɗin makaranta a kan kari, aka dakatar da su, aka ce su bar ƙasar. Darasin da ke ciki shi ne, a biya abin da za a iya biya tun da wuri, in kuma wahala ta taso a je ofishin kula da ɗalibai baƙi tun kafin wa'adi ya cika, kada kunya ta sa a ɓuya.

BAYAN KAMMALA KARATU

A watan Yuli na 2021 aka buɗe wata biza da ke ba wanda ya gama digiri damar zama ya yi aiki shekara 2, mai digirin digirgir kuma shekara 3. A 2025 gwamnatin Birtaniya ta ba da sanarwar rage shekara 2 ɗin zuwa wata 18 ga waɗanda za su nema daga 1 ga Janairu na 2027. Tun daga watan Yuli na 2023 kuma an hana ɗalibi ya sauya zuwa bizar aiki kafin ya gama karatunsa. Wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa sai da rubutacciyar yardarta zai ci gaba da zama, mai tallafin Chevening kuwa ya riga ya yi alkawarin komawa gida na shekara 2. Abin da ba shi da kyau ko kaɗan shi ne mutum ya zarce wa'adinsa. Wanda ya yi haka ya rasa ikon aiki da na haya, ya kuma ɓata wa na bayansa hanya.

SAURAN ƘASASHE

Kafin in zauna, bari in taɓo wasu ƙasashe biyu don ku ga cewa ƙofar kowa tana motsi. A watan Janairu na 2024 Kanada ta ɗaga kuɗin zaman da ɗalibi zai nuna daga dalar ƙasar 10,000 zuwa 20,635, ta kuma ƙayyade yawan ɗaliban da za ta karɓa. Amurka kuwa a watan Yuli na 2025 ta rage yawancin bizar da ta ke ba 'yan Nijeriya zuwa ta wata 3 mai shiga sau ɗaya, a watan Disamba na wannan shekara kuma ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ta dakatar da ba su sababbin bizar ɗalibai daga farkon 2026. Saboda haka kowace ƙasa mutum ya nufa, ya fara tabbatar da halin da dokarta ke ciki kafin ya biya kuɗin makaranta, ya kuma tambayi jami'a a rubuce ko za ta mayar masa da kafin alƙalaminsa idan bai sami biza ba.

'Yan'uwana iyaye, na san cikinku akwai wanda ya sayar da gona, akwai wadda ta sayar da zinariyarta, don ɗa ya yi ilmi. Ku zauna da 'ya'yanku ku yi lissafin shekarun karatun duka, ba na shekarar farko kaɗai ba. In lissafi bai fita ba, babu abin kunya a jira shekara guda, ko a nemi tallafi, ko yaro ya yi digirinsa na farko a Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, sa'an nan ya nemi na biyu a waje.

Ku kuma 'ya'yana, ku fara shiri tun ana sauran shekara guda. Ku gyara sunayenku, ku karanta kowace takarda kafin ku sa hannu, ku faɗi gaskiya ko da kuna ganin za ta cuce ku. In kun isa, ku tuna baƙi ne ku, ku kiyaye dokar masu gida, ku riƙe addininku da mutuncinku, ku riƙa waiwayar iyayenku. Asibitocinmu da makarantunmu da gonakinmu suna jiran abin da za ku koyo.

 Wanda ke da tambaya ina nan zaune har a tashi. Allah ya kai ku lafiya, ya ba ku abin da kuka je nema, ya komo mana da ku lafiya.